Shafin Gidan Kakata

Litinin, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Shafi tara na kwafe yau, na dawo da ciwon kai. Torleif, shugaban ƙungiyarmu ta tarihi, ya sake karanto mana dokar aiki kamar ya samu 'yan aji ɗaya: ka rubuta abin da ka gani, ba abin da ka sani ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya na Langvika, garinmu a arewacin Norway, ban taɓa ɗaga wasiƙar wani a gaban fitila ba, amma wai tsohon malamin makaranta mai lasar yatsa kafin ya juya takarda shi ne zai koya mini riƙon amana.

Aikin ba wuya. Hoton takardun ƙidayar 1920 ya fito a kwamfutar ɗakin karatu, ka karanta rubutun mai ƙidaya, ka cike gurabe: suna, shekarar haihuwa, sana'a, asali, harshen da ake yi a gida. Wai don jikokin da suka watsu Oslo da Amurka su nemo kakanninsu. Kowane shafi mutum biyu ke kwafarsa, kuma a ƙa'ida ba wanda ya san abokin aikinsa. In rubutunsu ya saɓa, ranar Alhamis Torleif zai karanto a gaban kowa. Mu takwas ne, duk mun ajiye aiki, duk muna warin kofi da man zafi.

Gunvor, ɗaya daga cikinmu, ta sake shan kofi a kofina, ta bar mini jan-bakinta a kai. Sau uku na wanke shi.

Na biya gidan kula da tsofaffi. Mama tana barci.

Laraba, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 2 na rana

Warin gidan nan yana bi na har gida: dafaffen kabeji, fitsari, da turaren da suke fesawa don su rufe biyun.

Siv, shugabar masu jinya, ta ja ni ofishinta. Ta ce mako uku ke nan Mama ta daina harshen Norway gaba ɗaya. Wani harshe take yi tun safe har yamma, in ba a gane ba ta yi ihu, jiya har ta yakushi wadda ke yi mata wanka. Sai ta tambaye ni kai tsaye ko akwai Sami a danginmu, wato ƙabilar nan ta arewa mai harshenta daban, wadda aka daɗe ana rainawa. Ta ce akwai wata mata, Biret, da ke ƙetarowa a jirgin fito kowace Alhamis tana zama da tsofaffin da harshen ƙuruciya ya dawo musu, amma sai iyali sun nema. Yayana Hallvard shi ne wakilin Mama a takarda, kuma ya riga ya cike cewa ba ta da wani harshe sai na Norway.

Na ce zan yi wa Hallvard magana. Ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Ni dai ban taɓa jin ihun da suke faɗa ba. Ina jin muryarta daga baranda, amma da na tura ƙofa sai ta yi tsit, ta naɗe hannuwa a cinya, ta kafe ni da ido. Shekararta casa'in da uku, komai ya zube mata, amma ko ba komai tana natsuwa in ta ga 'yarta. Da wannan nake lallashin kaina.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Na kira Hallvard. Yana cin abinci muna magana, ina jin taunarsa a kunnena.

"Sambatun tsufa ne, Aslaug," in ji shi. "Mu 'yan Norway ne tun daga kan Adamu. So kike a fara kiran jikokina da sunan da aka riƙa kiran yaran Sami na can ƙuryar gaɓa a makaranta?"

Na ce ba wanda ya yi zancen jikokinsa. Ya ce to kada a yi. Ya ajiye waya.

A zamanmu na yau saɓani biyu kacal aka karanto, duka a kan shekarar haihuwa. Torleif har da tafi.

Lahadi, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe

Ban je coci ba. Na goge murhu, ko da yake ba ya buƙatar guga.

Talata, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na yamma

Shafi na arba'in da bakwai ya faɗo hannuna.

Gida na huɗu a shafin. Anders Nilsen, masunci. Matarsa Elen Marja, shekara ashirin da biyu. Saniya ɗaya, ɗakin ƙasa. Kakana da kakata ke nan, shekara takwas kafin a haifi Mama. Rubutun mai ƙidayar nan kyakkyawa ne, da ma ya kasance irin na tafiyar ƙaguwa da muke fama da shi a sauran shafuka. Ba inda tawada ta zuba, ba inda takarda ta yage.

Na cike gurabe. Ba zan rubuta a nan abin da na cike ba.

Na fita ban ci wainar Gunvor ba. Ta biyo ni da ido har ƙofa.

Laraba, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 8 na safe

Littafina ne, ba mai karantawa, to wa nake ɓoye wa?

A gurbin asali mai ƙidaya ya rubuta Sami, da tsohon sunan nan na wulaƙanci. A gurbin harshen gida ma haka. Ni kuwa na zaɓi Norway a duka biyun, na danna, shafin ya wuce. Kamar na buga hatimi a ambulan.

Kuma ba wai na yi mamaki ba ne. Ina da shekara shida ina jin Mama da Kaka Elen suna ƙus-ƙus a ɗakin shanu, in na leƙa su yi shiru, Mama ta ce addu'a suke yi. Na san tsohuwar rigar Sami mai jan baki da ke ƙasan akwatin Kaka, rigar da ita kaɗai ta tsira lokacin da aka ƙone garin nan a yaƙi, na kuma san wanda ya jefa ta a murhu ranar da aka binne Kaka. Hallvard ne ya jefa, ni ce na riƙe masa murfin.

Akwai wata yarinya a ajinmu da ke zuwa daga ƙuryar gaɓa, kayanta na warin hayaƙi. In ta wuce ni nake fara toshe hanci, sauran su biyo. Na ma manta sunanta. Tir.

Gobe Alhamis. Wanda ya kwafi shafin tare da ni zai rubuta abin da ya gani, kwamfuta ta fitar da saɓani, Torleif ya lashi yatsa ya karanto sunan kakata a gaban mutum takwas. Wallahi rabin zuciyata so take ya karanto ɗin.

Alhamis, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Bai karanto ba. Wataƙila ɗayan bai kai ga shafin ba tukuna.

Asabar, 20 ga Nuwamba, ƙarfe 1 na rana

Mama ta jefi mai jinya da kwanon miya. Likita ya ƙara mata maganin barci. Na same ta baki buɗe, yawu yana bin haɓarta zuwa wuyan riga, matar da ba ta taɓa fita shanya ba sai da ta taje kai. Na goge mata. Ta buɗe ido, ta gan ni, ta yi ƙoƙarin gyara zama.

Siv ta ce za a yi zama ranar 6 ga Disamba. In abin bai lafa ba za a mayar da Mama sashen da ake kullewa a birni, tafiyar awa huɗu daga nan. Ta dube ni kamar tana jiran wata magana. Na tambaye ta ko an ga safar Mama ta ulu da ta ɓace.

Talata, 23 ga Nuwamba, ƙarfe 2 na rana

Rana ta daina fitowa, yadda take yi mana kowace shekara a nan arewa, sai ƙarshen Janairu kuma. Shafi shida. Duk abin da na ci ɗanɗanon ƙarfe yake yi mini.

Alhamis, 25 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Yau ma ba a karanto ba. Maimakon haka Torleif ya miƙe da takarda a hannu, ƙirji a gaba, wai an aiko da yabo: a duk ƙungiyoyin sa-kai na yankinmu, mu ne muka fi ƙarancin saɓani. An yi tafi, an yanka kek.

Da aka watse na leƙa kwamfuta. Shafi na arba'in da bakwai ya wuce tun makon jiya, an sa masa alamar kore. Wato mu biyu mun rubuta abu ɗaya.

Ina tsaye ina kallon koren nan Gunvor ta zo tana tattara kofuna. Ta matso har ina jin warin hodarta, ta taɓa kafaɗata.

"Kwantar da hankalinki, 'yar gidan waya," ta ce. "Ni ce ta biyunki. Tun da na ga fuskarki ran nan na san gurbin da kika danna."

Na ce ban gane ba. Ta yi dariya, ta ce in daina yi mata fuskar ma'aikaciyar gwamnati. Wai ashe ni kaɗai ce ban san yadda ake yi ba, don ba na tsayawa shan kofi. A wajen shan kofin ne ake tambayar wa ke riƙe da shafi kaza, in na gidan wani ne a cikinmu sai a daidaita. Ita da kanta ta gyara wa gida goma sha ɗaya. Nata gidan a shafi na goma sha tara yake, maƙwabcinta ne ya taya ta.

"Matattu ba su da asara," in ji ta. "Masu rai ne ke zuwa kanti. Haka muke rufa wa juna asiri a nan, ko ba haka ba?"

Ta miƙo mini yankan kek a tsumma. Na karɓa. Na karɓa, har na ce na gode.

Na yi amai a bayan ɗakin karatu, a kan ƙanƙara, kusa da inda yara ke jingine kekuna.

Juma'a, 26 ga Nuwamba, ƙarfe 9 na safe

Mutanen da suka aiko da yabo su ma tir. Kek ɗin tir. Mai ƙidayar nan da ya bi gida-gida a kwalekwale cikin sanyi yana raina mutane, shi aƙalla ya rubuta abin da ya gani.

Lahadi, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na yamma

Na je coci don a kunna kyandir na farko na jiran Kirsimeti. Na zauna a baya ina ƙirga ƙeyoyi: wannan shafi na goma sha tara, wancan na ashirin da biyu, waɗancan biyun na talatin. Duk mun yi waƙa da kyakkyawan harshen Norway. Hallvard yana gaba da sabuwar rigar sanyi, muryarsa ta fi ta kowa.

Daga nan na wuce wajen Mama. Ba ta farka ba. An bar mata kifi da dankali a tebur har sun yi sanyi, mai ya daskare a kai. Ta rame, zoben aurenta yana yawo a yatsa.

Kwana takwas ya rage.

Talata, 30 ga Nuwamba, ƙarfe 1 na rana

Na je ɗakin karatu kafin kowa, na fitar da hoton shafin a takarda, kwafi biyu. Na tarar da Torleif yana shirya kujeru, na ce ya buɗe mini shafi na arba'in da bakwai, na yi ƙarya a ciki. Da wannan kalmar na faɗa, ƙarya.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce shafin da ya yi kore ba a cika taɓa shi ba, kuma in aka buɗe ɗaya za a tambayi dalili, ga shi yanzu aka yabe mu. Bai tambaye ni wace ƙarya ba ce. A nan na gane ya sani tun tuni. Mai dokar rubuta abin da ka gani ya iya kau da kai fiye da mu duka.

Na ce to ranar Alhamis zan faɗa da bakina.

Laraba, 1 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma

Na sami Hallvard a rumfar jirginsa yana gyaran ƙugiyoyi. Na ajiye takardar a kan benci, na ɗora yatsa a gida na huɗu. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauka ya goge man kifin hannunsa da ita, ya duƙunƙune, ya jefa a bokiti.

Na ce ina da wata. Na ce ko ya sa hannu a kira Biret, ko in kai wa Siv da kaina in gaya mata wakilin Mama ya cike ƙarya, a bar tsohuwa tana shan maganin barci don kada a taɓa masa suna a ƙungiyar masu jirage.

"Ke kin fi ni ne?" ya ce. "Wa ya riƙe murfin murhu?"

Na ce ni ce. Na ce ban fi shi da komai ba, ƙyamar kaina ma ta fi wadda nake yi masa, amma ba ni za a kulle a birni ba.

Ya juya mini baya. Kunnuwansa sun yi ja kamar na yaro. Ya ce tun yana ɗan shekara bakwai wani malami ya sa shi wanke baki da sabulu a gaban aji saboda kalma ɗaya da ya ɗauko a wajen Kaka, da ya dawo gida yana kuka Mama ta ƙara masa da mari, ta ce gobe ma ya sake. Ban taɓa jin wannan ba. Na tsaya ina jin warin kifi.

Bai sa hannu ba. Ya ce in yi abin da na ga dama, kada dai in sa sunansa.

Alhamis, 2 ga Disamba, ƙarfe 5 na yamma

Na faɗa. Torleif ya gama karanto saɓanin mako, guda ɗaya tak, na miƙe na ce akwai wanda kwamfuta ba ta kama ba. Na karanto sunan Anders Nilsen da Elen Marja, na karanto abin da mai ƙidaya ya rubuta, na ce ni na sauya, a gyara.

Ba wanda ya dube ni. Wani ya yi tari. Wani ya tambaya ko akwai sauran madara.

A bakin ƙofa Gunvor ta tare ni, jan-bakinta ya zarce gefe. Ba ta yi dariya ba wannan karon.

"Kin tona naki, ruwanki," ta ce. "Kada ki kuskura ki taɓa shafi na goma sha tara. Ubana ya mutu ba wanda ya kira shi da wannan suna, haka kuma zai zauna."

Na ce ba zan taɓa ba. Ban sani ba ko alkawarin kirki na yi ko wata ƙazantar ce na ƙara.

Torleif ya buɗe shafin. Gida ɗaya aka gyara cikin goma sha biyu da na sani.

Juma'a, 3 ga Disamba, ƙarfe 11 na safe

Na kai wa Siv takardar. Ta karanta, ta mayar mini da ita. Ta ce za ta nemi a ɗaga zaman Litinin, a rage maganin, a ga abin da zuwan Biret zai yi.

Litinin, 6 ga Disamba, ƙarfe 2 na rana

An ɗaga zaman. A kanti mata biyu sun gan ni, sun kauce sun shiga ɓangaren sabulu. Shekara talatin da ɗaya ina miƙa musu wasiƙu.

Alhamis, 9 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma

Biret ta zo a jirgin ƙarfe goma. Gajeriya ce, ta kusa sa'ata, da jakar saƙa a hannu. Siv ta ce in bari su fara su biyu, don haka na zauna a baranda, ƙofa a ɗan buɗe.

Biret ta yi gaisuwa. Shiru. Ta sake. Sai muryar Mama ta fito, ba ihu ba, magana ce mai tsawo, tana hawa tana sauka, Biret na amsawa. Sun fi awa ɗaya. Har dariya Mama ta yi, irin wadda rabona da ji tun Kaka na da rai. Mai jinya ta shiga da kifi ta fito da kwano wayam. Ni ko kalma ɗaya ban gane ba. Uwata ce, shekara sittin da bakwai ina tare da ita, ina zaune a baranda kamar mai jiran a kira lambarta.

Da na kasa daurewa na tura ƙofa. Nan take Mama ta yi tsit, ta naɗe hannuwa a cinya yadda ta saba. Ta ja hannun rigar Biret, ta raɗa mata wani abu, idonta a kaina.

A waje Biret ta ce ba hauka ba ne. Ƙafar Mama ta hagu ke ciwo in an juya ta wajen wanka, tun tuni take faɗa ba mai ji. Siv ta rubuta, ta ce in haka ne ba maganar birni.

Na raka Biret bakin jirgi. Na tambaye ta abin da Mama ta raɗa mata da na shiga. Ta ce ba komai, zancen tsofaffi ne. Na ce aikina kwafe abin da aka rubuta ne, ta faɗa mini yadda aka faɗa.

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ce: "Cewa ta yi in yi shiru. Wai ga matar nan 'yar Norway da ke zuwa kullum tana zama tana kallonta. Kada mu yi harshenmu a gabanta, za ta kai ƙara wajen malam."

Jirgin ya tashi. Na tsaya har fitilunsa suka ƙetare.

Juma'a, 10 ga Disamba, ƙarfe 10 na safe

Na kira Biret, na ce ta koya mini yadda ake cewa "ni ce 'yarki". Ta faɗa sau huɗu, na rubuta a bayan takardar shafin. Tun safe nake maimaitawa a gaban murhu, bakina ya ƙi juyawa.

Ƙarfe biyu zan je. In ta yi shiru, zan zauna a baranda.